Madubin da Ba a Ɗaura wa Bindiga Ba

A makon jiya aka rushe benen ƙasa na gidanmu na Dala. 'Ya'yana sun ce ya tsufa, azara ta ruɓe, in damina ta kankama zai iya ruftowa a kan wani; na bulo za su gina, da shaguna a ƙasa. Ban hana ba, don ba shawarata aka nema ba, an dai faɗa mini ne kar in ji a bakin maƙwabta. Na sa aka ɗauko mini adaidaita sahu ya kai ni bakin lungun, na tsaya da sandata ina kallo. Wani lebura ya ɗaga diga ya sauke, ya sake ɗagawa, sai bangon gabas ya zube gaba ɗaya, har da 'yar tagar da ke jikinsa. Tagar nan ba ta fi faifai faɗi ba. Jikata da ta rako ni ta ce, "Hajiya, kuka kike yi a kan ƙasa?" Na ce mata wani abu ne ya faɗa mini a ido. Amma kuka nake yi, kuma yanzu ba na jin kunyar faɗa.

Wanda bai san Dala ta wancan zamanin ba, zai ɗauka haka take tun asali, da ƙarar janareto da hon ɗin babura da lasifikoki suna rige-rigen shiga kunne. Mu a da ba agogo muke dubawa ba, gari muke saurara. Da asuba muryar ladan ce zalla, ba na'ura, in iska ta juya sai rabin kiran ya tafi wata unguwa. Gari na wayewa tattabaru su fara kuka a bakin indararo, sai taɓarya ta ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, ana lugude, har kana iya cewa wannan dakan na gidan wane ne, kuma yau matarsa da fushi ta tashi. Da hantsi masu bugu su kama can wajen marina, suna dukan shuɗin yadi a kan gungume, sauti mai nauyi da yake bi ta ƙasa ya shigo maka ta tafin ƙafa. Can nesa jirgin ƙasa ya yi kukansa mai tsawo ya yi shiru. Mace tana cikin gida, ba ta ga komai ba, amma ta san abin da gari yake ciki. Tsofaffinmu kan ce mu rage surutu da safe, wai gari yana ba da labari muna katse shi. Yanzu ko an yi shiru a ɗaki, ba abin da za ka ji sai injin markaɗen maƙwabta.

Cikin wannan Dalar aka kawo ni amarya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, baduku ne da damina, maharbi da rani: in ruwa ya sauka yana zaure yana ɗinkin jaka da kube da linzami, in an gama girbi ciyawa ta bushe sai ya rataya bindiga ya bi abokansa daji. Dogo ne mai shiru, ni na gan shi na ce shi nake so. Abu ɗaya ne ban sani ba sai da na shigo, bawan Allahn nan bai iya zaɓe ba. In ka ba shi hula biyu, sai a sauko daga masallacin Juma'a yana tsakar gida yana juya su. Uwarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ke riƙe da gidan, kuma gidan kulle ne na gaske, mace ba ta leƙa ko zaure. Mahaifiyata kuwa, Inna, tana can wajen Jakara, a gidan da Babanmu ya rasu ya bar mu. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, tela ne a kasuwa. Inna asalin Fulani ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan ya ci abinci?" haka take tambaya tana kallon wani wajen, alhali malmalarsa ta fi ta kowa girma.

Ina da cikin fari gari ya hargitse. Ba zan iya ba da labarin abin da ya faru a waje ba, don ban gani ba, ji na yi. Masu bugu suka yi shiru, taɓarya ta yi shiru, sai wata ƙara daga nesa kamar ana faskare, da gudun mutane a lungu, da hayaƙin da ya tsaya a sama ya ƙi tafiya. Akwai wata mata 'yar kudu da take shigo mana da atamfa da 'yan kunne, tana jin Hausa kamar jakin Kano, ita kaɗai ce take tsokanar Gwaggo ta zauna lafiya. Daga wannan makon ban sake ganinta ba, ban kuma sami wanda ya gaya mini inda ta yi ba. Har yau in ta faɗo mini a rai sai abinci ya fita kaina. A cikin firgicin kwanakin nan cikina ya zube. Inna ta zo ta yi jinyata ta koma. Ba a jima sosai ba aka ce yaƙi ya ɓarke a kudu, ana ɗibar samari, sai muka ji Yaya ya rufe keken ɗinkinsa da buhu ya shiga soja. Mata a wancan lokacin sai da duhu suke fita unguwa, da fitila da rakiya, ga shi duhu ya zama abin tsoro. Da na sake samun ciki da damina, Gwaggo ta yanke magana. Ta ce, "Ba inda za ki, kuma ba mai shigo miki da labarin da zai tayar miki da hankali. In lokacin goyon ciki ya yi, a kai ki gida ki haihu a gaban uwarki." Na duba, watanni ne masu yawa a gabana. Inna tana can ita kaɗai, ɗanta yana bakin wuta, ni ina nan bayan katanga, tsakaninmu tafiyar da ba ta kai dahuwar shinkafa ba. Ba abin da nake so a duniya kamar in gan ta, ko daga nesa, in san tana tsaye da ƙafarta.

A wannan tsakanin wata bindiga ta shigo gidan. Wani Bature mai sayen fatu, wanda maigidana ya daɗe yana yi wa jagora a daji, ya tattara zai bar ƙasar, ya bar masa ita da ɗan akwatin harsashi. Kafin nan adaka yake riƙewa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan kuwa ta zo da saiti iri biyu. Akwai na ƙarfe, irin wanda ya saba da shi: ɗan tsini a bakin bindiga, 'yar tsaga a baya, ka daidaita tsinin a cikin tsagar ka ɗora a kan dabba. Akwai kuma madubi, wani baƙin bututu mai gilashi gaba da baya, ana ɗaure shi a gadon bayan bindiga da ƙusoshi masu murɗi, yana jawo abin da ke nesa ya kawo maka gabanka. In an ɗaura madubin ya rufe na ƙarfen. Kuma ba abin a sa yau a cire gobe ba ne, don duk sanda aka cire aka mayar saitin ya goce, sai an ɓarnatar da harsashi kafin ya dawo daidai. Harsashi kuwa a shekarun yaƙi ba a ganinsa ko a mafarki, abin da ke cikin akwatin nan shi ke nan. Dole mutum ya zaɓi ɗaya ya zauna a kai. Ka ga an haɗa maigidana da aiki. Bindigar ta zo da madubinta a kwance, an naɗe shi daban a cikin tsumma mai laushi, haka aka hau da su bene, ɗakin maigida, ana jiran kaka ta wuce a ga abin da zai yanke.

Shara ce ta kai ni, don ni ke share benen kowace safiya. Ran nan na warware tsumman zan kakkaɓe, sai na ɗaga bututun na manna a idona. Duhu. Na ce a raina, wannan ne abin da maza suke ta kumfar baki a kai? Ina janye shi daga fuskata kamar faɗin tafin hannu, sai wani farin zagaye ya buɗe, ga ƙadangare a kan zankon gidan maƙwabta yana gyaɗa kai, har ina ganin maƙogwaronsa yana motsi. Saura kaɗan in yar da shi. Na duba da idona, ƙadangaren ɗigo ne. Na mayar, ya dawo. Sai na durƙusa a gaban tagar, na ɗora bakin madubin a kan daɓenta don ya tsaya cak, na fara yawo. Ni da na manta yadda ƙofar gida take, ran nan na je marina na ga shuɗin yadi a shanye, na je kududdufi na tarar da balbelu suna tsaye da ƙafa ɗaya, na bi ayarin jakuna da mangalar ƙasa har suka sha kwana. Komai a cikin madubin shiru yake, yana ɗan rawa, gefensa da wani launi siriri, kamar abin da mutum ke gani in barci ya sake ɗaukarsa bayan asuba. Mutane suna gaisawa ba murya. In ga hannun mai bugu ya sauka, sai can daga baya sautin ya iso, kamar ya tsaya gaisuwa a hanya.

Dabino ne ya nuna mini gida. Akwai wani dabino a tsakar gidan Inna da ya karkace tun yana ƙarami, ko cikin dubu zan gane shi. Na bi shi da madubi na sauka a kan soron da ke gefensa. Kwana da kwanaki ba kowa sai tattabaru. Wata safiya da hantsi sai ga kai ya ɓullo ta wajen tsani, da tabarma a naɗe, da ƙwarya. Fuska ba ta fitowa daga wannan nisan, amma wa zai koya mini tafiyar Inna? Ta hau, ta tsaya ta dafa gwiwa tana hutawa, don ta daɗe da ciwon gwiwa, sannan ta shimfiɗa tabarma ta zazzage barkono, ja wur, ta baza shi da tafin hannu. A cikin madubin akwai zare biyu sirara da suka gitta juna, inda suka haɗu nan harsashi ke sauka. Da na ga Inna a daidai mahaɗar sai na nemi tsari na kautar. Daga ranar kullum a gefe nake ajiye ta, ƙasa kaɗan ta hannun dama. Na kira ta a hankali, ni kaɗai a ɗaki. Ta gama ta sauka. Ba kullum take hawa ba a lokacin, sai jefi-jefi, amma ranar da na dace nakan ci tuwo har da ƙari, Gwaggo tana ta kallona.

A ƙasa kuwa zaure ya rabu biyu. Kowace la'asar abokan maigida su taru, ni kuma in nemo abin yi a jikin bangon da ke kusa, tsintar shinkafa ko kaɗi, in baza kunne. Masu maganar biyu ne. Akwai Sajan, tsohon sojan da ya yi yaƙin Turawa a ƙasashen waje ya dawo da ɗingishi, shi madubi yake so. Akwai kuma Baba Sarkin Baka, shugaban maharban unguwa, wanda ya koya wa maigidana farauta, shi ko sunan madubin ba ya son ji.

"Malam, abin a fili yake," in ji Sajan. "Harsashinka kaɗan ne, da madubi kowane ɗaya nama ne. Ni na gan ka da idona, da bindigar nan, zamanin Bature, ka kayar da barewa daga inda ni ban ma hango ta ba. Kuma dabba ta yi wayo yanzu, ba ta bari a matso."

"Ba ta bari a matso, ko ku ne ba ku iya matsowa ba?" in ji Baba Sarkin Baka. "Maharbi da ƙafa yake harbi. Ka harbi abu a ƙetaren rafi, ka same shi a cinya, ya shige sarƙaƙiya, kafin ka ƙetare rana ta faɗi. Gobe ka tarar da shi a mace, ya kwana. Wa zai ci? Ka yi bisimilla a banza, ka yi mushe da hannunka. Ni dai abin da aka koya mini, kar in harbi abin da wuƙata ba za ta riske shi ba."

"To ai sai ka koma wa kibiya, Baba."

"Da ita na aurar da 'ya'yana."

Shi kuwa mai bindigar, kowa ya yi magana sai ya ce haka ne. Amma ni na san inda zuciyarsa ta karkata. Dukanci ya ja baya tun da hanyar kudu ta rufe, masu sarin jaka sun daina zuwa, tukunyar gidan ta koma kan bindiga. Na kuma gan shi yana shafa wa ƙusoshin madubin mai, yana gwada su a mazauninsu. In ya ɗaura, shi ke nan: madubi zai bi shi daji duk tsawon rani, ko ya dawo gida yana jikin bindiga, ni kuwa ba zan ɗaga bindiga in nuna gidan uwata ba. Don haka wata safiya da na kai masa koko bene, maimakon in ajiye in sauko, sai na nemi gefen tabarma na zauna.

"Malam, wai madubin nan za ka ɗaura?"

"Ina dai dubawa."

"Ni fa mushe nake tsoro. Mutum ya harbi abu a ƙetaren rafi, ya same shi a cinya, ya kwana a sarƙaƙiya. Ga ni da juna biyu, a zo a ba ni abin da ake shakka. Maharbi ai da ƙafa yake harbi."

Ya ajiye ludayi ya dube ni. "Ikon Allah. Ashe Baba Sarkin Baka har ɗalibai mata gare shi."

Na sunkuyar da kai ina jan bakin tabarma. Ya warware tsumman, ya ɗauko madubin, ya juya shi yadda yake juya hula, ya kai shi wajen haske. Ya sa babban yatsa ya shafi bakinsa na baya, inda nakan fara manna ido kafin in janye, ya nuna mini yatsan. Baƙi ƙirin.

"Tun da nake ban taɓa ganin madubin bindiga da kwalli ba," ya ce. "Me ake gani ta nan?"

Ƙarya ta ƙi zuwa. Na ce, "Inna."

Ya durƙusa a gaban tagar, shi da tsawonsa sai da ya lanƙwashe, ya daɗe yana nema. "Wajen karkataccen dabinon nan?" Na ce e. Ya ƙara daɗewa. Sannan ya naɗe madubin a tsummansa, ya shanye kokonsa, ya sauka.

Ranar fita ta farko ya sauko da bindiga a kafaɗa, bayanta fayau ba komai. Na ji Sajan a ƙofar gida yana cewa, "Malam, ina madubin?" Ya ce, "Idona ya saba da ƙarfe." Sajan ya ce, "Za ka dawo mana da labari, ba nama ba." Baba Sarkin Baka kuwa har shi masa albarka ya yi, yana ganin wa'azinsa ne ya ci. Da suka tafi na hau bene. Madubin yana kan daɓen taga, a kan wani ɗan matashi na jar fata da ya ɗinka masa, da kwarmi a tsakiya don kar ya gangara. Mutumin da hula biyu ke kayarwa ya yanke wannan ba tare da ya ce mini uffan ba, kuma har ya bar farauta bai ɗaura shi ba.

Maganar Sajan ba ta faɗi ƙasa ba. Ranin nan maigidana ya sha rarrafe a ƙaya, gwiwoyinsa duk suka sale, ya matso ya matso, dabba ta ji iskarsa ta zabura. Ya dawo da zabi, ya dawo da zomo, can ba a rasa ba gada. Wani zuwan ma da akwatin harsashinsa kawai ya dawo, ya ragu. Gwaggo tana tuƙa tuwo tana mita: "Miya ta koma ruwan wanke hannu. Allah ya ba ka abu, ka kai ɗaki ka jere kamar kwanon amarya." Ya ce haka ne. Ina jin su, ina jin nauyinsa har cikin raina, amma ban ce ya ɗauka ba, kuma ko yau aka mayar da ni ba zan ce ba.

Don tun daga fitar nan tasa ta farko, Inna ta koma hawa soro kullum. Hantsi na yi, masu bugu na kamawa, sai kanta ya ɓullo ta wajen tsani. Ta dafa gwiwa, ta shimfiɗa tabarma, ja ya bayyana. Wani lokaci ta zauna a gefe tana korar tattabaru, wani lokaci ta miƙe ta tsaya, fuskarta wajen Dala, kamar mai duba hadari. Ni kuma ina durƙushe, cikina yana ƙara nauyi, ina ba ta labari a zuci: yau ya motsa, yau Gwaggo ta yi dariya, yau na yi mafarkin Yaya ya ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya. Rana tana zafi, soraye suna rawa a cikin gilashin kamar suna ƙarƙashin ruwa, Inna tana iyo a tsakiyarsu ba ta zuwa ko'ina. Har mamaki na riƙa yi, wannan barkono da ba ya ƙarewa, na ce ko ta fara sana'ar yaji ne. Yanzu jikata takan kira uwarta a waya, fuska ta cika gilashi, har ƙurjin da ke goshinta ana gani, su yi minti kaɗan su yi faɗa a kan kuɗin data ta kashe. Ni ɗigon mutum nake samu, ba fuska ba murya, kuma ya ishe ni wuni guda.

A tsakiyar rani wasu abubuwa suka canja a gidan. Aka aika daji, maigidana ya dawo ba lokacin dawowarsa ba. 'Yan kwanaki a jere yana sa farar riga ya fita da sassafe, ya dawo ba ya haɗa ido da ni. Na tambaya, ya ce gaisuwar wani ce a cikin gari. Gwaggo ta daina mita, in an sami ɗan nama ni take ajiye wa hanta. Matan maƙwabta in sun shigo sai su gaishe ni su yi saurin wucewa ɗakinta. Jikina ya ba ni wani abu, na hau bene da ƙyar, na ɗora ido. Hantsi ya yi, ya ɗan gota. Sai ga kan Inna. Ta daɗe a dafe da gwiwa fiye da kullum, amma ta shimfiɗa tabarmarta, ja ya bayyana, ta tsaya ta fuskanci Dala. Na sauke ajiyar zuciya na ce wa kaina, wadda wani abu ya sami ɗanta ba ta hawa soro shanya. Na sauko na ci hantata.

Da bazara ta kawo kai aka kai ni goyon ciki. Na tarar Inna ta rame, ta ce zafi ne. Na tambayi labarin Yaya, ta ce in ci gaba da addu'a, ta tashi ta shiga madafi. Ban daɗe ba na sauka lafiya, namiji. Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, ina ɗaki da jariri a cinya. Aka yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan da uban yaro ya zaɓa. Sunan Yaya ne. Na saurari guɗa, ba wadda ta yi. Wata gwaggonmu ta sa bakin zane ta rufe fuska, wata ta fita da sauri. A nan na sani.

Sai da taro ya watse, aka yi mini wankan yamma, Inna tana zaune a bakin gado tana dama mini kunun kanwa, sannan na iya buɗe baki.

"Yaushe, Inna?"

"Tsakiyar rani. Wani da suke tare ya dawo da hannu ɗaya, shi ya zo ya faɗa. Can aka binne shi."

"Ba zai yiwu ba. Ina ganinki kullum. Ba ranar da ba ki hau soro ba."

"Na san kina gani," ta ce, ba ta daina damu ba. "Mijinki ya zo tun kafin su fara fita daji. Ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya yi ta gaisuwa har na ɗauka ya manta abin da ya kawo shi. Can ya ce, in ba takura, a riƙa hawa soro da hantsi, akwai mai dubawa daga Dala. Na ce me zan yi a soro kullum? Ya ce ko shanya ce."

"Ranar da labarin ya zo fa?"

"Da sassafe ya zo. Hantsi ya yi, gida cike da mata. Na ce su ba ni hanya."

Na kasa ganin fuskarta sosai, idona ya cika. Na ce, "Duk barkonon nan, Inna, watanni kina shanya shi."

"Wane barkono? Barkono ai ya ƙare a abincin masu gaisuwa."

"To me nake gani?"

Ta ajiye ludayi, ta miƙa hannu kan igiyar kaya ta jawo wani tsohon jan ɗankwali. Rana ta cinye tsakiyarsa har ya fara fari, kusurwoyinsa huɗu ne kawai suka rage da jansu, inda ake ɗora dutse.

"Da duwatsu nake danne shi," ta ce, "kar iska ta ɗauke shi, ki ga tabarma ba komai."

Ta ninke shi ta mayar kan igiya, ta miƙo mini kwanon kunu ta ce in sha kar ya huce. Na karɓa da hannu biyu na sha.